Hedimastan Da Ya Gudu Dutse

Makarantarmu a kan tudu take, can gaba da Kiyawa, kuma ita kaɗai ce ginin siminti mai rufin kwano a tsakanin ƙauyuka da rugagen da ke gangaren fadama. Ajujuwa shida ne, da ofis ɗaya, da ɗan sito inda muke jibge tsintsiya da bencinan da suka karye. Shekara goma sha ɗaya ina hedimasta a wurin lokacin da abin nan ya faru. Duk wanda ya san ni ya san ni da abu biyu: tarin makullai a aljihun gaba, da son a yi komai yadda na tsara. Maiɗakina takan ce ko jana'izata ce sai na tashi na gyara sahu.

Ana tsakiyar marka, yara suna hutu, rediyo ta fara maimaita sanarwa safe da rana. Masana yanayi sun hango ruwa da iska mai ƙarfi na kwanaki a jere, kuma za a saki ruwan madatsa daga sama, don haka duk wanda ke zaune a kwari ya tashi tun da wuri. Ranar Litinin da hantsi dagaci ya zo da kansa da takarda daga ƙaramar hukuma, cewa a buɗe makaranta a shirya ta domin masu tasowa. An ce muna da kwana uku, wataƙila huɗu in Allah ya sassauta.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ambaliyar ba abin murna ba ce, amma an kawo mini aikin da ya dace da halina. Na aika aka kira mataimakina, wani matashin malami mai sanyin jiki wanda a lokacin nake ganin bai san zafin aiki ba. Ya zo yana nuna mini a wayarsa yadda mutanen wata ƙasa ke buga katako a tagoginsu saboda guguwar teku. Na ce masa ya mayar da wayar aljihu, namu ta ƙasa yake zuwa, ya ɗauko tsintsiya.

Kwana biyu muka yi ba mu zauna ba. Muka fitar da bencina muka jera su a baranda, mata suka share ajujuwa suka wanke daɓe. Na sa kafinta ya hau rufi ya bi kowane kwano da ƙusa, inda katako ya ruɓe aka danne da duwatsu. Aka gyara ƙofofin bayan gida, aka haƙa wasu biyu a bayan aji shida aka kewaye da zana. Famfon tuƙa-tuƙa da ya yi wata biyu yana tari ba ruwa, rana ɗaya aka kira mai gyara ya tashe shi. Samarin gari suka kafa turaku a filin ƙwallo saboda dabbobi, aka tara itace a ƙarƙashin baranda inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ni kuwa na ɗauki alli na bi ƙofa-ƙofa ina rubutu: aji ɗaya zuwa uku mata da ƙananan yara, aji huɗu da biyar maza, aji shida hatsi da kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, na yi ta faɗa wa kowa har mutane suka fara ƙarasa mini.

Ofishina kuwa na ware shi domin mutum ɗaya. Shi ne ɗaki mafi kyau a makarantar, yana da silin, yana da taga mai ƙarfe. Na kwashe takardu na tara su gefe ɗaya a ƙasa, na ɗauko katifar baƙi daga gida, na ɗaura gidan sauro, na ajiye sabuwar buta da darduma. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, ina cewa a raina yau Baffa zai san ya ba da 'ya inda ya dace.

Baffa surukina ne, mahaifin maiɗakina, kuma ita ce 'yarsa ta fari. Bafulatani ne na ainihi, rugarsa tana can ƙasan fadama, inda ruwa ke fara sauka kowace shekara. Shekara goma sha tara da aurenmu a lokacin, amma ba mu taɓa haɗa ido ba. Ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, ko kurɓin ruwa. In ya hango ni a hanyar kasuwa sai ya ratse cikin gero kamar ya tuna wani uzuri. Bai taɓa kiran sunana ba, “mai makaranta” yake cewa, 'yar tasa kuwa “ta gidan mai makaranta”. Mu ma Hausawa muna kunyar surukai, amma tamu takan tsaya a cire takalmi da durƙusawa. Na ɗauka shekarun nan sun sa na gane tasu.

Ranar Talata da yamma na hau babur na gangara rugar da kaina. Ban aiki kowa ba, don a ganina zuwa da kai shi ne girmamawa. Tun a hanya na ga ruwa ya fara kwanciya a kunyoyin gonaki, ƙasa ta ƙoshi ba ta ƙara shanyewa. Na same shi zaune a kan buzu a gindin ƙirya yana tufkar igiya. Na ajiye babur daga nesa, na cire takalmi, na durƙusa. Muka gaisa yadda muka saba, ni ina kallon ƙasa, shi yana kallon shanu, muna tambayar gida da gajiya da ruwan sama har gaisuwar ta ƙare don kanta.

Sai na ce, “Baffa, ka ji sanarwa. Na gyara maka ofishina da hannuna, na sa katifa. Abinci kuma daga gidana za a riƙa kawo maka. Ina nan a wurin dare da rana, duk abin da kake so ni za ka gaya wa.”

Ya ɗan dakata da tufkar. Ya ce, “Madalla. Allah ya yi albarka.”

Na tashi ina jin kaina a sama. Ko a hanya ban lura da taɓon da ya ɓata mini wando ba.

Ranar Laraba tun da safe mutane suka fara hawowa. Amalanken shanu ɗauke da buhunan gero da tukwane, a-kori-kura cike da katifu da kaji a cikin akurki, mata da ƙullin kaya a ka, tsofaffi a bayan babura. Wani ya zo da ƙofar ɗakinsa a kafaɗa, ya ce ita ce sabuwa a gidan. Na tsaya a bakin makaranta da littafi ina rubuta kowane gida, ina nuna wa kowa ajinsa, makullai suna kaɗawa a aljihuna. Wajen azahar shanun rugar Baffa suka iso, 'ya'yansa maza suna kora, matan gidan suna biye da ƙorai a ka. Na leƙa bayansu ban gan shi ba. Na tambayi babban ɗansa, ya sunkuyar da kai ya ce Baffa ya ce su yi gaba. Na ɗauka yana tafe ne a hankali irin na manya.

La'asar ta yi bai zo ba. Na shiga gida na gaya wa maiɗakina, ta tambaye ni abin da na ce masa jiya. Na maimaita mata kalma-kalma, har da alfahari. Ta ajiye muciyar da ke hannunta ta rufe baki da tafi. Na ce to ita ta je ta taho da shi mana, ai ubanta ne. Ta ce ni ma na san tun da aka haife ta bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba, in ta je ma ƙara dagula abin za ta yi. Idanunta sun kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo a gabana ba. Ta ce in nemi Goggo.

Goggo taubashiyar Baffa ce, 'yar ƙanin mahaifiyarsa, kuma a duk duniya ita kaɗai ke iya gaya masa abin da ta ga dama ya yi dariya. Tsohuwa ce siririya mai jan baki saboda goro, ita ke sayar da fura da nono a bakin makarantarmu lokacin tara. Ni “Kaɗo”, wato Bahaushe a bakin Fulani, take kirana tun ranar da na je neman aure, kuma ba ta taɓa ragar mini ba. Ranar Alhamis da sassafe na same ta a barandar aji biyu tana dama fura, ta riga ta ji labari. Ba ta ko ɗago kai ba ta fara wanke ni.

“Kai da karatunka duka,” in ji ta. “Ka je ka ce wa mutum ya zo ya kwanta a ɗakinka, a kan shimfiɗarka, ya ci tuwon 'yarsa ta fari kana tsaye, ya ɗauki buta ya bi layin bayan gida kana rubuta sunansa a littafi. Me ya yi maka?”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana biyu ina wahala, ga gajiya, ga shi an mayar da alherina laifi. Na ce mata wannan wace irin kunya ce da za ta sa dattijo ya zauna ruwa ya ci shi, ai ruwa ba ya kunyar kowa.

Ta ce, “Ruwa ba surukinsa ba ne.”

Na tambaye ta me ya sa ya ce madalla in bai yarda ba. Ta ce me nake so ya ce, ya ce a'a a gaban idona? Madallar nan ita ce iyakar abin da zai iya. Da na aiko ta tun farko, ta ce masa hukuma ta buɗe makaranta ga kowa, da ya biyo mutane ya raɓe a wani lungu, ni in yi kamar ban gan shi ba, shi ya yi kamar bai san ina nan ba, a wuce wurin lafiya. Amma yanzu na riga na furta, na mayar da makarantar gwamnati ɗakina, na mayar da shi baƙona. Muddin ina tsaye a nan da makullan nan, ba zai tako ba ko ruwa ya kai masa wuya.

Muna cikin wannan wani makiyayi ya hawo daga fadama, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ce ruwa ya shanye hanyar ƙasa, saura ta bayan gonakin dawa, ita ma ba za ta wuce azahar ba. Ya ga Baffa ya ɗora buzunsa a kan gadon kara yana zaune. Na ɗaga kai na dubi gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun daga ƙasa, iska kuma ta ɗauke ɗif. Nan fushina ya tafi, tsoro ya maye gurbinsa. Na ga ƙarara cewa in wani abu ya sami tsohon nan, bakina ne ya jawo, kuma ban san da wane ido zan ƙara kallon maiɗakina ba.

Na ce wa Goggo to in koma gida in kulle kaina, ta ce masa ba na nan. Ta ce tsoho ne, ba wawa ba. Zai tambaye ta, zai sa ta rantse, ita kuwa ba za ta rantse a kan ƙarya da furfurarta ba. Garin nan kuma ko akuya ta yi atishawa kowa ya ji. In ina son ya hawo, in bar garin da gaske, mutane su ga tafiyata.

Ban taɓa jin abu ya yi mini nauyi kamar ciro makullan nan daga aljihu ba. Na kira mataimakina na damƙa masa su, da littafin, da allin. Na fara yi masa bayanin wane makulli ne na wace ƙofa, Goggo ta ce in na tsaya karatu ruwa zai riga ni. Na leƙa gida na ɗauki kaya kala biyu. Maiɗakina ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na hau babur na ratsa ta gaban makaranta a hankali don kowa ya gani. Ina fita na hango amalanke ya nufi gangare, Goggo zaune a kai ta rufe kanta da buhu.

A Kiyawa na bar babur a gidan wani abokina na shiga motar Dutse. Muna hanya iskar ta taso. Bishiyoyi suka riƙa kwanciya suna tashi, ruwa ya sauko har direba ya gangara gefen titi ya tsaya, don ba a ganin gaba. Na kira mataimakina ya fi sau goma, waya ba ta shiga. Wata mata da ke kusa da ni ta ce Malam ka bar wayar nan ta huta, ka yi salati. Na yi salatin, amma ban bar wayar ba. Na riƙa lissafa tafiyar amalanke daga makaranta zuwa ruga da dawowa, ina ƙarawa da gardamar tsoho, ina ganin lokacin bai isa ba.

Sai da na isa gidan yayana a unguwar Takur a Dutse, bayan la'asar, ina tsaye a baranda jiƙe sharkaf, wayar ta yi ƙara. Mataimakina ne. Ya ce Baffa ya iso, ruwa ya kai cikin shanun amalanken a wurin tsallakawa amma sun fito. Ya zo da buzunsa da butarsa da igiyar da yake tufka, Goggo tana yi masa tsiya tun daga gangare. Na zauna a kan dakalin barandar. Matar yayana ta fito ta gan ni ina share ido, ta ɗauka rasuwa aka yi.

Na yi niyyar kwana biyu, na yi tara, domin ruwa ya cinye kwalbatin hanyarmu. Ban zauna haka nan ba. Kullum na bi ofisoshi da takarda a hannu ina neman tabarmi da gidajen sauro da maganin zazzaɓi wa mutanenmu, aka kuma taimaka, Allah ya saka. Yayana ma'aikaci ne, ya san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Da rana in zauna a barandarsa ina kallon ruwa yana bin kwata yana wucewa abinsa, ina tunanin namu da ba shi da inda za shi sai ɗakunan mutane.

Kullum sai na kira mataimakina sau uku ina ba shi umarni, yana cewa to. Daga baya na gane to ɗinsa irin madallar Baffa ce. Rubutun allina ko kwana ɗaya bai yi ba. Mataimakin nawa ya bar mutane sun zauna ƙauye-ƙauye, kowane aji da dattijonsa da tukunyarsa, aka raba tsakiya da zana, mata ciki maza baranda. Ba a yi faɗa ko sau ɗaya ba, har haihuwa aka yi a aji uku lafiya. Na ji haushi da na ji tsarin nasa ya fi nawa tafiya daidai, kuma har yau ina ɗan ji, amma gaskiya ce. Maiɗakina kuwa ba ta taka makarantar ba. Takan yi tuwo ta ba Goggo, Goggo ta juye a kwanon abincin jama'a ta kai wa Baffa a bayan sito, ya ci ba wanda ya gani.

Ranar da hanya ta buɗe na dawo a gaban motar kayan agaji, ina tsammanin za a tarbe ni da sannu da ƙoƙari. Tun daga bakin kasuwa na ji ana cewa ga hedimasta ya dawo daga gudun hijira. Mai shayi ya tambaye ni ko Dutsen ma ruwa ya kore ni. Ashe abin da Goggo ta gaya wa Baffa ke nan, da ƙarfi, a gaban mai amalanke: wai Kaɗon ya ga hadari ya tsere birni, ya bar makaranta ba babba, shanun mutane suna filin ƙwallo ba mai sa ido, shi kuma Baffa yana nan zaune kamar sabuwar amarya. Mai amalanke ya kai maganar gari, gari ya ƙara mata gishiri.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Mutum ya shekara goma sha ɗaya yana gina mutunci, a rana ɗaya a ce matsoraci ne. Na shiga gida ina huci, na ce bayan sallar Juma'a zan tsaya in yi wa jama'a bayani. Maiɗakina ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni a hankali, in na yi bayanin, wa zan tona? Nan na gane inda ta dosa. In na wanke kaina, sai duk gari ya san Baffa ya zauna a cikin ruwa saboda kunyar surukinsa, kuma sai da aka yi masa dabara. Na haɗiye maganar. Da aka ƙara tsokanata a masallaci na ce ai gudu da rai ba tsoro ba ne, aka yi dariya, sunan ya bi ni.

Ban sami Baffa a makaranta ba. Da ya ji motar agaji tana tafe, ya tattara da sassafe ya bi 'ya'yansa wani tudu da dagaci ya ba su aro. Rugarsa ta fadama kuwa babu abin da ya rage sai kawunan turaku da ƙiryar nan. Mataimakina ya buɗe mini ofis. Katifa tana nan yadda na shimfiɗa ta, gidan sauro a ɗaure, sabuwar buta ko ruwa ba a zuba mata ba. Ya ce Baffa a baranda ya yi kwanakinsa, ya jingina bayansa da ƙofar ofishin, ya hana kowa shiga, har masu neman wurin ajiye buhu. Sau ɗaya kawai ya taka ciki. Ranar da iska ta ɗaga kwano ɗaya ta gabas ruwa ya fara zuba, shi ya kira mataimakina ya ce a buɗe. Su biyu suka kwashe rajistoci da takardun sakamakon yara daga ƙasa suka ɗora a kan tebur, Baffa ya cire bargonsa ya lulluɓe su, ya ɗaure da igiyar da ya tufka. Na sami ƙullin yana nan. Na daɗe ina kwance shi, don irin ɗaurin da ake yi wa ɗan maraƙi ne, kuma ko takarda ɗaya ba ta jiƙe ba.

Na wanke bargon na ba Goggo ta mayar. Ban aika da godiya ba, na riga na koyi darasi. Muka ci gaba yadda muke, in ya hango ni ya ratse cikin gero, in na je gaisuwar salla ya kalli shanu. Ban san ko ya yarda da labarin gudun nawa ba, kuma wannan ya fi tsokanar 'yan kasuwa damuna. Ina iya jure duk gari su ce ni matsoraci ne, amma ban so uban matata ya ɗauka ya ba da 'yarsa ga mutumin da ke tserewa ya bar iyali ba. Da ruwa ya janye, rani ya shigo, Baffa ya koma fadamarsa ya kafa sabuwar bukka a gindin ƙiryar. An yi masa magana ya ce ciyawar can shanu suka sani.

Da damina ta zagayo, rediyo ta sake fara sanarwarta, dagaci ya sake zuwa da takarda. Muka fitar da bencina, kafinta ya hau rufi. Wannan karon ban taɓa alli ba. Ina tsaye a baranda ina kallon masu kafa turaku sai ga Goggo ta hawo da ƙaramar ƙwarya a rufe da faifai. Ta ajiye a gabana, na buɗe, man shanu ne sabo, har da sauran ruwan nono a jikinsa. Na tambaye ta na wane ne.

“Guzuri ne,” in ji ta. “Ya ce a tambayi mai makaranta, ko bana ma yana da tafiya Dutse.”

Na tambaye ta yaya ya faɗe ta. Ta ce yana kallon saniya ya faɗa, amma ta ga gemunsa yana motsi. Ya kuma ce a gaya wa mai makarantar kada ya yi gaggawar dawowa, za a duba masa ɗakin.

Na tsaya da ƙwaryar a hannu ina kallon man. Goggo ta ce in zan yi kuka in matsa daga kan man. Na ciro makullan daga aljihu na miƙa wa mataimakina ba tare da wani bayani ba, na shiga gida na ce wa maiɗakina ta haɗa mini kaya kala uku, ta kuma samo leda a ɗaure bakin ƙwaryar kada man ya zube a mota.